Maye ko Gwaninta? Tsokaci a Kan Finafinan 'Yan Hipi na Amurka

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce mu auna wata magana da ta daɗe a bakin masu sha'awar fim, wai ƙwaya ce ta haifi sabon salon finafinan Amurka na shekarun 1960. A wancan zamani ne matasan da ake kira 'yan hipi suka juya wa al'adun iyayensu baya, suka ƙyamaci yaƙin Biyetnam, suka rungumi tabar wiwi da ƙwayar LSD, wadda jihar Kalifoniya ta haramta a 1966.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da fim ɗin Easy Rider na 1969, wanda Dennis Hopper ya ba da umarni, ya kuma fito a ciki tare da Peter Fonda. Labarin wasu samari biyu ne da suka sayar da hodar iblis, suka hau babura suka nufi New Orleans. A wata maƙabarta ta birnin suka sha LSD, sai hoto ya rikice, yana tsalle daga kabari zuwa fuska, addu'a tana cuɗanya da kuka. Mai kallo kan ji tamkar shi ne ya bugu.

Sai dai idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar wannan dabara ta girmi 'yan hipi. Tun a 1943 Maya Deren da Alexander Hammid suka wargaza jerin lokaci a Meshes of the Afternoon, suka gina shi bisa tsarin mafarki. A 1963 kuma Stan Brakhage ya shirya Mothlight ba tare da kyamara ba, ta hanyar manna fukafukan ƙwari da ganyaye a kan zirin leda. Wannan aiki ne na haƙuri da natsuwa. Abin da ƙwaya ta ƙara shi ne jigo, da kuma 'yan kallon da suka shirya karɓar baƙon salo.

Hopper kansa hujja ne a gare mu. Easy Rider bai miƙe ba sai da aka rage shi daga sa'o'i masu yawa zuwa kimanin minti 95. Da aka sakar masa mara a The Last Movie na 1971, wanda ya ɗauka a ƙasar Peru, sai ya kwashe fiye da shekara yana tace shi cikin shaye-shaye. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, Hopper bai sake ba da umarni ba sai a 1980.

A nan akwai abin lura ga ɗalibanmu masu sha'awar ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Kafin marubuci ya nuna ruɗewar hankali a takarda, dole nasa hankalin ya kasance a kwance, domin zaɓen abin da za a bari da abin da za a yar aiki ne na mai ido biyu.