Ƙwallon da Ke Shan Kwana

Ƙwallon bolin tana iya kai nauyin kilo 7 da ɗoriya, ba ta da sitiyari, kuma da ta bar hannu an gama. Amma gwani zai sake ta ta nufi gefen dama, kai ka ce kwata za ta faɗa, ta yi tafiya mai nisa a bakin gaɓa, sannan ta juyo hagu da ƙarfi ta kutsa cikin sanduna goma ta zubar da su baki ɗaya. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Na daɗe ina kallon wasanni, kuma kaɗan ne aikin hannu da ke burge ni kamar wannan.

Wasan ya fi ƙarfi a Amurka. Ana mirgina ƙwallon a kan doguwar shimfiɗa mai falanki 39 a jere, kuma daga layin da ba a tsallakewa zuwa sandar farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da kaɗan. Sandunan, masu siffar kwalba, suna tsaye a jeri mai kusurwa uku. Sabon shiga yakan auna ta gaba ya jefa miƙe, sai ya ga ƙwallon ta fasa tsakiya ta bar masa sanduna a gefe biyu. Gwani na neman ratar da ke tsakanin sanda ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke damanta, idan da dama yake jifa, kuma yana so ƙwallon ta shiga ta a karkace, da kimanin digiri 4 zuwa 6. Idan ta shiga haka, sanduna huɗu kawai take taɓawa, ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 9, su kuma su kayar da 'yan uwansu. Shimfiɗar ta yi tsawo kuma ta yi siriri, ƙwallon da ta tafi miƙe ba za ta taɓa samun wannan karkata ba. Dole ta sha kwana.

Abin da ɗan kallo ba ya gani shi ne mai. Kafin wasa, inji yana shafa wa shimfiɗar mai, yawanci ƙafa 40 na farko ko kusa da haka, a bar ragowar a bushe. Ƙwallon da aka sako tana juyawa ba ta samun abin kamawa a kan man, sai ta yi ta sulɓi. Wanda ya taɓa ganin mota a cikin laka da damina ya san abin: taya na ta juyawa a banza, da ta taki busasshiyar ƙasa sai motar ta zabura. Haka ƙwallon take yi, sulɓi, sai kwana, sai mirgina. Juyin da hannu ya ba ta tun farko yana nan a ajiye har ta iso inda mai ya ƙare.

To ta yaya ake ƙara wannan kwana? Masu koyo sukan ɗauka murɗa wuyan hannu ake yi da ƙarfi, kuma nan ne suke ɓata shekaru. Murɗa na sa hannu ya hau saman ƙwallon, ta tafi tana wulwulawa ba kamu. Gwani yana ajiye hannunsa a ƙarƙashinta da bayanta, wuyan hannu a tsaye, bai karye baya ba. A daidai idon sawu babban yatsa ya fara zamewa daga raminsa, nauyin duka ya koma kan yatsu biyu, na tsakiya da na kusa da ƙarami, su kuma su bi ta gefenta su ɗago. Tsakanin fitar babban yatsa da fitar sauran biyun ƙiftawar ido ce, amma a nan aka ƙulla komai. Masu horarwa kan ce hannu ya ƙare kamar za a yi musabaha. Abin da nake so a nan shi ne sassaucin: wanda ya matse ƙwallon don tsoron kada ta suɓuce, babban yatsansa zai makara, juyin ya mutu. Shi ya sa mai son ci gaba yake barin ƙwallon haya ta gidan wasa, ya sa a huda masa tasa daidai hannunsa, yatsun su shiga iya gaɓa ta farko.

Gudu ma yana da nasa. Ƙwallon da aka wurga da gaggawa takan wuce busasshen wuri kafin ta kama. A rage mata gudu kaɗan, sai ta sami lokacin juyowa.

Sai ita kanta ƙwallon. A da ta baƙar roba ce mai tauri, daga baya filastik ya shigo. A 1973 wani ƙwararre, Don McCune, ya gano cewa idan ya jiƙa ƙwallonsa a sinadari ɓawonta na laushi ya ƙara kamu. Ya lashe gasa shida a shekarar, aka ba shi gwarzon shekara na ƙungiyar ƙwararru ta PBA, sannan aka kafa doka a kan taurin ƙwallo. Kamfanoni sun ɗauki darasin. A farkon shekarun 1980 suka fito da ɓawon yuretan, a farkon shekarun 1990 kuma suka kawo wanda ke tsotse mai, wanda ya sauya wasan gaba ɗaya. A ciki akwai dunƙule mai nauyi wanda da gangan ba a yi shi zagayayye ba, don ƙwallon ta riƙa sauya gefen da take takawa a kowane juyi, busasshen ɓawo ya riƙa taɓa ƙasa. 'Yan wasa suna goge ɓawon da samfefa mai lamba 500 ko 1000 ko 2000 ko 4000 kafin a fara gasa, kuma suna share man da tawul tsakanin jifa da jifa. Sai dai kaushi ba kullum yake ƙara kwana a ido ba. Yana sa ƙwallon ta kama da wuri, kuma idan ta kama da wuri fiye da kima sai ta iso sandunan a gajiye.

Cikin 'yan wasa kuwa, Mark Roth, ɗan Brooklyn, shi ya nuna wa duniya jifa mai tsananin juyi, ya ci gasa takwas a 1978. Jason Belmonte ya kai abin wani matsayi. Iyayensa suna da gidan bolin a garin Orange na Ostireliya, ya fara wasa tun yana tatata, ƙwallon ta fi ƙarfin hannu ɗaya, sai ya riƙa tura ta da biyu, kuma bai daina ba har ya girma. Ba ya sa babban yatsa a rami sam. Hannun hagu yana tallafe da ƙwallon har dab da saki, na dama ya ba ta juyi kusan 600 a minti. An yi masa dariya, wasu ma suka ce maguɗi ne. Yau babu wanda ya kai shi yawan manyan kofuna a tarihin PBA, kuma yara da yawa da hannu biyu suke fara koyo.

Duk da haka, ba na ganin girman kwana shi ne gwaninta. Walter Ray Williams Jr. ya ci gasa 47, fiye da kowa, da jifa mai ɗan kwana kaɗan. Abin da ya haɗa shi da Belmonte shi ne karatun mai. Kowace ƙwallo da ta wuce tana kwasar man tana jan wani zuwa gaba, don haka hanyar da ta yi kyau ɗazu ta lalace yanzu. Gwani yana kallon inda ƙwallonsa ta fara juyowa, ya matsar da ƙafarsa falanki biyu zuwa hagu, ya sauya abin da yake auna da falanki ɗaya, tun kafin kuskure ya bayyana a allo. PBA har sunayen dabbobi ta ba wa salon shafa man, akwai na kunama, akwai na hawainiya, kowanne da tsawonsa da inda yake ba da kamu.

Kuma idan sanda ta 10 ta tsaya ita kaɗai a kusurwar dama, yawancin ƙwararru sukan ajiye ƙwallon mai tsada, su ɗauko ta filastik wadda ba ta kama ƙasa, su koma can hagu su jefa ta miƙe.