Dagi Ɗaya, Hannu Da Yawa

A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don haɗa zanen gargajiya da na zamani. Okeke ya ɗauko uli, adon da matan Ibo ke zanawa a jiki, ya mai da shi kan takarda, sunansa ya zaga duniya.

To, mu fa? Mu shiga birni ta Ƙofar Doka mu gani. Dagin da malami ya zana a riga, maɗinki ya bi da allura, shi magini ke fitarwa a bango, baduku a fata. Amma sana'a kawai muka ɗauke shi, ba mu adana sunayen gwanayen ba, ga siminti yana shafe aikinsu. 'Yan'uwa marubuta, in mun yi shiru, wa zai yi sharhinsu?