Cloudflare na danƙa wa DNS na abokan cinikina

Duk mai kula da shafukan intanet na kamfanoni da ya tambaye ni inda zai ajiye DNS, amsata ɗaya ce kuma ba na jinkiri: Cloudflare!

Aikin DNS shi ne mayar da sunan shafi zuwa lambar IP da kwamfuta ke ganewa. In ya kwanta, shafi ya ɓace, imel ya daina shiga, ko da sabar tana nan lafiya lau. Duniya ta shaida haka ranar 21 ga Oktoban 2016, lokacin da aka yi wa Dyn, kamfanin da ke ba da sabis na DNS, ruwan hare-hare da Mirai, muguwar manhajar nan da ta mamaye kyamarori da ƙananan na'urorin gida. Twitter da Netflix da Reddit da Spotify duk suka gagari jama'a a Amurka da Turai. Sabobinsu ba abin da ya same su, mai nuna hanyar zuwa wurinsu ne aka kayar. To ina ga ɗan kasuwar da odarsa ta imel take shigowa?

Nan Cloudflare ya sace min zuciya. Kamfanin da Matthew Prince da Michelle Zatlyn da Lee Holloway suka kafa a 2009 yana aiki da tsarin Anycast: adireshi ɗaya ne, amma cibiyoyi a birane sama da 300 ke amsa shi, har da Legas. Tambaya tana faɗawa cibiyar da ta fi kusa a hanyar sadarwa, shi ya sa amsa ke dawowa nan take. Hari kuwa in ya zo, rarrabuwa yake yi tsakanin cibiyoyin, ba ya taruwa a ƙofa ɗaya. Tun 2017 suka daina cajin ƙarin kuɗi saboda girman hari, ko a tsarin kyauta. Wallahi wannan kaɗai ya isa a yaba musu.

Ranar ƙaura zuwa Cloudflare kuma sai wanda ya gani. Ka rubuta sunan shafin, ya lalubo maka bayanan da ke tsohon wurin, ya ba ka sabobin suna guda biyu, ka kai su wurin da aka yi rajistar sunan. Ko .com ne ko .com.ng na NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, hanyar ɗaya ce. Kafin ka sauya, bi bayanan imel ɗaya bayan ɗaya, MX da SPF da DKIM, don lalube ba ya kamo komai da komai. Bayan nan duk gyaran da ka yi yana bazuwa cikin cibiyoyinsu a daƙiƙu kaɗan. DNSSEC, wanda ke sa hannu a kan amsoshi don kada ɓarawo ya karkatar da masu saye zuwa shafin bogi, maɓalli ɗaya ne, sai ka kwafi bayanin DS ka kai wa mai rajista. Shi ke nan!

Abin da ya fi burge ni a hulɗa da kamfanoni shi ne amana. Mai kamfani ya buɗe asusun Cloudflare da sunansa, ya gayyace ni da imel ɗina, ya ba ni iznin da ya ga dama. Ba musayar kalmar sirri, ba riƙe wa mutum dukiyarsa. Ranar da muka rabu, ya cire ni kawai.

Route 53 na Amazon ma gwarzo ne, kuma in kayan kamfani duk a AWS, wato sabobin Amazon, suke, zama can ya dace. Sai dai rabin dala yake karɓa duk wata kan kowane suna, ban da kuɗin tambayoyi, ga wahalar neman katin da zai biya dala. Cloudflare kuwa ko sisi ba ya karɓa a kan DNS na tsarin farko. Babban kamfani mai son sabar ta biyu a wani wuri daban, don kada ya jingina da gida ɗaya, zai samu wannan a tsarin Enterprise na Cloudflare, kuma ina ba bankuna da manyan shagunan intanet shawarar su biya su same shi.