Dodo a Sararin Samaniya: Abin da Ya Fifita "Aliens" a kan 'Yan'uwansa

Malamin da ke koyar da tatsuniya a Samaru da ɗan kallon sinima a Sabon Gari sun yi tarayya a kan sanin abu guda, watau Dodo ba ya da kwarjini sai yana ɓoye. Da an gan shi sarai, rabin tsoro ya tafi. Labarin sararin samaniya kuwa ba baƙo ba ne a Zariya, gama a nan aka buga "Tauraruwa Mai Wutsiya" na Umaru Dembo a 1969. Saboda haka ya kyautu a duba yadda aka warware wannan matsala a sinimar Amurka.

A cikin "Alien" na 1979, Ridley Scott ya ɓoye dodonsa cikin duhun jirgi, yana ɗauke matafiya ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da James Cameron ya ɗora labarin a 1986, 'yan kallo sun riga sun san kamannin dodon, ɓoyo ya ƙare. Sai ya sauya wurin da tsoro yake. Ripley, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta, ta farka bayan barcin shekara 57, ba ta da kowa, sa'an nan ta tsinci marainiya, Newt. Dodanni kuma aka ba su uwa mai saka ƙwai. Ƙarshen labari ya zama karon uwa da uwa, kowacce tana kare nata. Mai kallo ya daina tambayar siffar dodo, ya koma fargabar abin da za a rasa.

Waɗanda suka biyo baya sun saki wannan hanya. "Alien 3" na 1992 ya kashe yarinyar tun farkonsa, ya bar Ripley ba wanda za ta kare. "Prometheus" na 2012 da "Alien: Covenant" na 2017 suka shiga tonon asalin dodon, alhali gwanar tatsuniya ba ta ɓata dare wajen faɗin inda aka haifi Dodo.

Darasin da ke nan ga malaman kwalejin horon malamai shi ne, in ɗalibi zai ɗora labari, kada ya ƙara wa dodo haƙora, ya ƙara wa jarumi abin da zai yi hasara.