Kifin da Ya Ɓata: Mun Zauna Mun Kalli Finding Nemo da Yaranmu

Hutun makarantar da ya wuce, yaran unguwar nan sun ishe mu da sunan Nemo. Da an kawo wuta, sai ka ga sun yi cincirindo gaban talabijin, wanda bai samu wuri ba ya leƙa ta taga. Muka ce to, abin da ya hana yara cin tuwo da zafinsa, ya kamata manya su san ko mene ne. Sai muka zauna muka kalla har ƙarshe.

Fim ɗin katun ne na kamfanin Pixar na Amurka. Ya fito a 2003, Andrew Stanton ne ya ba da umarni, kuma ya ci kyautar Oscar ta katun a 2004. Labarin yana faruwa ne a tekun Ostareliya. Marlin kifi ne ɗan ƙarami, ruwan lemo da ratsin fari, irin wanda Turawa suka laƙaba wa sunan ɗan kama. Wani babban kifi ya cinye matarsa da ƙwayayensu, saura guda ɗaya tak. Shi ne Nemo, wanda aka ƙyanƙyashe da fiffike ɗaya ƙanƙane. Uban ya sa masa ido, ko nan da can ba ya bari ya je. Ranar farko ta makaranta yaro ya yi taurin kai, ya nufi wani kwalekwale, mai ninƙaya ya cafke shi. Ya ƙare a akwatin gilashi a ofishin wani likitan haƙori a birnin Sidni. Uba kuma ya bazama nema, tare da Dory, wata kifanya mai mantuwa.

Mu fara da yabo. An iya zana ruwa, wallahi, har ka manta kwamfuta ce ta yi. Amma ƙarfin fim ɗin yana wurin Marlin. Tsoronsa ba na banza ba ne, ya ga abin da ya gani. Duk uban da ya taɓa neman ɗansa a kasuwa ko tasha, a garin da ba nasa ba, yana tambayar mutane da harshen da bai gama iyawa ba, ya san wannan bugun zuciyar. Mun kuma yaba da yadda aka bar Nemo da nakasarsa har ƙarshe. Ba a warkar da fiffiken ba, da shi ya yi duk abin da ya yi.

Inda ya fi tsaya mana a rai shi ne likitan haƙorin nan. Ba mugu ba ne. A ganinsa ma ceton kifin ya yi, kuma zai ba 'yar ɗan'uwansa kyauta. Yana ciyar da su, yana wanke musu ruwa. Amma fa kifayen akwatin duk sun zama kifin rijiya, wasunsu a kanti aka sayo su, ba su taɓa ganin teku ba, kowanne da irin taɓuwarsa. Mu da muke ɗauko yaran 'yan'uwa daga gida da sunan riƙo ko aikatau, wannan hannunka mai sanda ne. Ci da sha ba sa maye gurbin uwa da uba, kuma kyakkyawar niyya ba ta hana yaro kewar gida.

Sai gyara. Na farko, darasin fim ɗin ya karkata gefe ɗaya. Uba ne ya yi ta koyon sakin jiki, shi ya fi cin wuya, shi ya fi sauyawa. Alhali abin da ya hango ne ya faru. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kuma mu nan, in za mu faɗi gaskiya, matsalarmu ba yawan tsaro ba ce. Yara nawa ne ke yawo bakin titi bayan isha'i ba wanda ya tambaya? Uban da ya kalli fim ɗin nan ya ce ai ga shi an ce a ƙyale yara, to bai fahimta ba.

Na biyu, hanyar tsirar Nemo ƙarya ce mai haɗari. Ta magudanar ruwan ofis ya bi ya koma teku. Kifin ruwan gishiri ba ya daɗewa a ruwan famfo, balle a kwata. Wanda ke da kifi a gida ya ja wa yaransa kunne, kada tausayi ya sa su zuba shi a masai. Irin wannan kifin in ya ɓata daga akwati, a duba ƙasa bayan akwatin, don yakan yi tsalle ya faɗo. A duba injin tace ruwa, don yakan zuƙe ƙanana. In kuwa ya mutu a cikin duwatsu, ƙaguwa da sauran ƙananan halittun akwatin na iya cinye shi kafin a ankara.

Na uku, an ɓoye wani abin mamaki. Wannan kifin ba a mace yake fara rayuwa ba. Babbar cikin garke ita ce mace, in ta mutu, namijin da ke bin ta a girma sai ya rikiɗe ya zama mace. Ke nan a zahiri Marlin ne zai zama uwa. Ikon Allah ke nan, kuma ya fi abin da masu fim suka ƙirƙira ban mamaki.

Shawararmu, a bar yara su kalla, amma babba ya zauna kusa, musamman mintunan farko da uwar ta mutu, don mun ga ƙanana biyu sun fashe da kuka. In an gama, a tambaye su: wa ya yi laifi, Nemo ko babansa? Mu da muka tambaya, yaran sun rabu gida biyu, har aka kira magariba ba su daidaita ba.