Jinjina ga masu gadin injin wankin ƙoda

A 2021, lokacin da gurɓataccen lemon ɗan tsami ya kwantar da jama'a a Kano, mutane sun ji yadda ƙoda ke tsayawa farat ɗaya. Wankin ƙoda na awa huɗu shi aka fi sani, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma majinyacin da jininsa ya yi ƙasa sosai ba ya iya jure masa. Shi sai wanki a hankali, dare da rana, ba tsayawa.

A nan ne ilimin nas ɗin ɗakin kulawa ta musamman yake bayyana. Likita ya rubuta umarni ya wuce, ita ke zaune da injin. Kowace awa tana lissafa ruwan da ya shiga jiki da wanda aka cire. Tana lura da matatar kada jini ya daskare a ciki, tana auna maganin tsinka jini, domin in ya yi yawa majinyaci zai zubar da jini. Ƙararrawa ta buga, ta san ko bututu ne ya lanƙwashe ko iska ce ta shiga.

Injin yana da tsada, masu wannan horo kaɗan ne. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙaro mana irinsu.