Zinare Ba Ya Goguwa: Gwanintar Saiti a Injin Buga Ruwan Gwal

Ɗalibin da ya zo ƙarshen karatu a Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Bici, kamar takwaransa na Jami'ar Bayero a Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba ya samun sallama sai ya miƙa kundin bincikensa cikin bango mai tauri. A fuskar bangon akwai kanun aiki, da sunan ɗalibi, da sashen karatu, da shekara, duk da haruffan ruwan gwal. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai 'ya'yan manoma ne, da kuɗin gero da gyaɗa da wake aka biya musu makaranta, kuma wannan ne karon farko da za su ga sunan mahaifinsu yana ƙyalli a jikin littafi. Wanda aka damƙa wa wannan amana shi ne mai bayindin, a ɗan shagonsa, gaban wani inji mai hannu ɗaya da bai fi a ɗora shi kan tebur ba. Jan hannun injin kowa zai iya. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne saiti.

Sana'ar tana da tsohon asali, kuma ƙasashen Musulmi ne suka riga Turai a kanta. Daga cikin bangunan da suka fi daɗewa masu adon zinare akwai na wani Alƙur'ani da aka rubuta a Marrakesh ta Maroko a 1256. A ƙarni na 15 fasahar ta tsallaka zuwa Italiya. A wancan zamani zinaren gaske ake bugawa har ya zama siriri kamar fatar albasa, a shafa farin ƙwai a jikin fata, a shimfiɗa shi, a danna da ƙarfe mai zafi. Abin da ake amfani da shi yau kuwa nannaɗaɗɗiyar leda ce mai hawa-hawa: siririyar ledar da ke ɗauke da komai, sai wani shafi da ke sakin jiki idan ya ji zafi, sai launi, sai alminiyon da aka fesa, sai gam a ƙarƙashi. Wato gwal ɗin da muke gani alminiyon ne da aka yi wa rufin launin rawaya. Idan haruffa masu zafi suka sauka, gam ɗin ya narke a daidai inda suka taɓa, ƙyallin ya rabu da ledar ya manne a bango, ƙarfen kuma ya bar gurbi a cikin kwalin.

Wannan gurbin shi ne dalilin da ya sa saiti ya zama komai. Tawada idan ta karkace a kan takarda, a sake buga wata, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma bangon da aka yanka kwalinsa, aka shafa masa gam, aka lulluɓe shi, aka jira ya bushe, idan layi ya sauka a karkace, shi ke nan. Ko an kankare ƙyallin, ramin haruffan yana nan. Don haka mafi yawan aikin gwani yana ƙarewa kafin ya ja hannun inji a kan bango.

Yana farawa da jera haruffa. Ƙananan ƙarafa ne, kowanne da harafinsa a juye, irin yadda rubutu ke fitowa a madubi, don haka sai idon da ya saba ke rarrabe b da d, ko p da q. Yakan jera su cikin marikin ƙarfe, ya cike hagu da dama da guntayen ƙarfe marasa harafi, daidai wa daida, domin layin ya zauna a tsakiyar marikin. Sai ya ɗaure kusoshi, ba da ƙarfin tsiya ba, don ɗauri mai tsanani yana sa layi ya yi doro, haruffan tsakiya su fi na gefe tudu. Tambarin makaranta kuwa hatimi ne guda da aka sassaƙa a kan tagulla ko magniziyam, shi ma sai an manna shi a miƙe.

Daga nan sai neman tsakiyar bango, inda ɗan koyo ya fi faɗuwa. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, bango kuma yakan ɗan zarce ta. Amma fuskar bango ba daga doron littafi take farawa ba. Akwai ɗan kwari tsakanin doro da kwalin gaba, inda bango ke lanƙwasawa idan an buɗe. Daga bakin wannan kwari zuwa ɗaya bakin ake aunawa a raba biyu. Wanda ya haɗa da kwarin a lissafinsa, rubutunsa zai jirkice wajen doro, kuma ko bai fi milimita 3 ba ido zai kama, domin ido gwada filin hagu da na dama yake yi ba tare da an sa shi ba. Haka nan a tsaye: rubutun da aka ajiye a tsakiyar awo cif yakan yi kamar ya zame ƙasa, shi ya sa gwani ke ɗan ɗaga shi sama kaɗan. Akwai kuma abin da mai aiki a ƙasar Kano ba ya mantawa, saboda yana karɓar aikin boko da na Larabci: idan aka shimfiɗa bango a buɗe, bayansa yana kallon sama, fuskar littafin boko tana dama, ta littafin Larabci ko ajami tana hagu.

Bayan awo sai matokara. Waɗannan guntayen kwali ne masu kauri ko sandunan ƙarfe da ake kafewa a kan gadon inji, domin kowane bango ya zo ya jingina a wuri ɗaya. Ƙa'idar masu ɗab'i ita ce guda uku: biyu a dogon gefe, ɗaya a gajeren gefe. Biyun su ke hana aiki juyawa, ɗayan shi ke hana shi zamewa. Idan aka ƙara na huɗu, sai bango ya riƙa rawa tsakaninsu, tun da ba kwalin da ake yankawa ya miƙe ɗari bisa ɗari. Mutumin Bici ya san wannan darasi daga gona: kunyar farko ita ke jan sauran, idan ta karkace, duk huɗar ta karkace har bakin iyaka. Aji guda na iya kawo bango hamsin, kuma matokaran da aka kafa wa na farko su za su yanke wa na hamsin hukunci.

Wata dabara mai daɗin kallo ita ce ta leda mai gani-har-hanji. Gwani zai manna gefe ɗaya na ledar a gadon inji da salatif, ta zama kamar murfi, ya sauke haruffa a kanta a hankali har su bar alama. Sai ya ɗaga ta, ya zura bango a ƙarƙashi, ya mayar, yana matsar da bangon kaɗan-kaɗan har alamar ta hau kan layin fensir ɗin da ya ja. A nan yake riƙe numfashi, ya danne bangon da tafin hannun hagu, ya turo matokara da dama su rungumi gefensa, ya kafe su. Ya ga inda zinare zai sauka tun zinaren bai sauka ba.

Sai zafi. Galibin irin wannan leda tana kamawa ne a kusan digiri 100 zuwa 130 na ma'aunin Salshiyas, gwargwadon irinta da irin abin da aka rufe bangon da shi. Abin da ba kowa ke lura ba shi ne ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta. Hatimin tagulla mai tsawon santimita 20, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, yakan ƙara kusan milimita 0.4. A kan layi ɗaya wannan ba wani abu ba ne, amma a katin gayyatar biki, inda zinare zai zagaye furen da aka riga aka buga da tawada, wannan ɗan ƙari ya isa ya bar farar tazara a gefe. Don haka gwani ba ya kammala saiti a kan inji mai sanyi. Idan wuta ta ɗauke aka koma janareta, yakan jira zafin ya dawo inda yake, ya sake gwaji, sannan ya ci gaba. Lokacin hunturu ma da nasa: iska mai bushewa tana sa kwali ya bankare, bankararren bango kuwa ba ya jingina da matokara yadda ya kamata, sai an danne shi ƙarƙashin nauyi ya kwanta.

Saiti bai tsaya ga hagu da dama ba, har da zurfi. Akan yi bugun gwaji a kan guntun kwali mai irin rufin bangon, a ɗaga shi wajen haske. Idan farkon layi ya nutse, ƙarshensa kuma ya fito da ɓurɓushi, ba a ƙara ƙarfin danni, domin hakan zai cike cikin haruffa irin a da e da o, gefensu ya yi gashi. Sai a yanki siririyar takarda a liƙa a ƙarƙashi, daidai wurin da ya yi rauni, a sake gwadawa, a ƙara wata idan ta kama. Zafi, da danni, da daɗewar ƙarfe a kan bango, wadda ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, ukun nan tare suke tafiya, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji don a gane wanne ne ya yi magani.

A irin waɗannan shaguna za ka ji yaron shago, ganin layin ɗalibai ya kai ƙofa, yana cewa, "Maigida, ai ya yi, a buga kawai." Maigidan kuma ya miƙo masa rula: "Auna hagu, auna dama, ka faɗa mini." Sannan ya juya wajen mai kundin da guntun gwaji a hannu: "Malama, karanta sunanki da bakinki. Hassana ce mai s biyu ko ɗaya?" Wannan tambaya ma saiti ce, domin layin da ya miƙe sarai amma sunan cikinsa ba daidai ba, ɓarna ce mai tsada.

Ina ganin girman waɗannan mutane saboda irin haƙurin da aikin ke nema ba ya bayyana a idon mai saye. Idan saiti ya yi kyau, ba wanda ke lura da shi, sai a ce littafi ya yi kyau kawai. Sai ya ɓaci ake neman wanda ya buga. Duk da haka gwani yana kashe mafi yawan lokacinsa a kan bango na farko, ya kuma riƙa tsayawa bayan kowane 'yan bugu yana duba ko matokari ya motsa, alhali ba mai biyansa kuɗin wannan dubawa.

Saboda haka ɗalibi ko mai biki da zai kai aiki, ya kai da wuri, ya nemi a nuna masa bugun gwaji, ya karanta harafi bayan harafi, kuma kada ya tsaya bisa kan mai aiki yana ƙirga mintoci. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a nan kuwa kuɗinta sabon bango ne. Matasan Bici masu neman sana'ar hannu su ma su dubi wannan fanni da idon basira: injin ƙarami ne, makarantu suna yaye ɗalibai kowace shekara, bukukuwa ba sa ƙarewa. Jarin da ya fi inji wuyar samu shi ne ido mai ganin milimita ɗaya, da hannun da ya yarda ya dakata har sai awo ya cika.